Tiyatar Haihuwa A Ma'aunin Shari'a: Nasiha Ga Magidanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ajiye kowane ɗayanmu wata tara a wurin da babu mai ciyar da shi sai Shi, sa'an nan Ya fito da shi duniya ta hanyar da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala wata jana'iza ce da muka halarta a wani ƙauye, ta wata yarinya mai cikin fari wadda shekarunta ba su kai goma sha bakwai ba. Naƙuda ta kama ta da dare, kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai da gari ya waye. Mijinta ya tafi bida. Aka kira ungozoma, aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi tofi, yini ya wuce, dare ya sake yi. A rana ta uku aka aza ta a amalanke zuwa ƙaramin asibiti, ma'aikacin da ke wurin ya duba ta ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai an kai ta babban asibiti an yi mata aiki. Da dangin miji suka ji an ambaci aiki sai suka ja da baya, suka ce ba za a sa wa matar ɗansu wuƙa ba sai da izininsa. Aka shiga neman sa a waya. Kafin a same shi mahaifa ta fashe, ta cika a hanya, ita da abin da ke cikinta. A wurin zaman makoki babu abin da ake faɗa sai kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma mun tashi daga wurin nan zukatanmu ba su natsu ba, domin mun san akwai tambayar da za a yi ranar gobe game da kwana ukun nan, kuma ba yarinyar za a yi wa ita ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasarmu Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne ke rasa rayukansu, kuma a lokacin haihuwar da ake yi ta hanyar tiyata ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2015 cewa mutuwar iyaye mata da jarirai tana raguwa gwargwadon yadda tiyatar haihuwa ke ƙaruwa a ƙasa har ta kai wajen kashi 10 cikin 100, daga nan kuma ƙari ba ya rage mutuwa. To, tazarar da ke tsakanin biyu da goma ba lissafin takarda ba ne. Mata ne da suka buƙaci aikin ba su samu ba, waɗansu muka binne su, waɗansu kuma suna nan a bayan ɗaki da yoyon fitsari.

Ƙaddara da riƙon sababi

Farkon abin da ake fakewa da shi shi ne tawakkali. Wani zai ce, Allah da Ya shigar da shi Shi zai fitar da shi. Wannan magana ce ta gaskiya da aka ajiye ba a muhallinta ba. Mai faɗin ta, in damana ta faɗi, ba ya zama a gida ya ce Allah da Ya halicci baki Shi zai ciyar da shi. Yakan ɗauki iri da kalme ya nufi gona. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba. Da ya yanke shawarar juyawa da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Haka nan wadda aka kai asibiti aka ciro mata ɗa da rai, da ƙaddarar Allah aka ciro shi.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usamatu ɗan Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar. Bai tsaya ga magungunan sha ba. Muslim ya ruwaito cewa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa wata jijiya ya yi masa lalas. Wannan kuwa yanka ne a jikin rayayye domin neman lafiyarsa. Malaman Musulunci ba su taɓa ɗaukar fiɗa a matsayin baƙon ilmi ba. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa Attasrif ga aikin fiɗa da kayan aikinsa, har da babin da yake karantar da ungozomomi yadda za su yi idan ɗa ya zo ba daidai ba.

Masu cewa wannan aiki ne na Turawa, su ma sai mu ɗan tsaya da su. A shekarar 1879 wani Bature ɗan Ingila mai suna Felkin ya ga da idonsa yadda wani masanin gargajiya a ƙasar Bunyoro, cikin Uganda ta yau, ya tsaga cikin wata mai naƙuda ya fito da ɗa, ya tsayar da jini da jan ƙarfe, ya haɗe bakin yankan da ƴan ƙarafa masu tsini, uwa da ɗa suka rayu. A wannan zamanin a ƙasashen Turai kansu yawancin matan da aka yi wa aikin mutuwa suke yi, sai a shekarar 1882 wani likita Bajamushe mai suna Sanger ya yaɗa dabarar ɗinke mahaifa bayan an ciro ɗa. Ilmi ba shi da ƙabila, Allah ne Yake sanar da shi ga wanda Ya so a lokacin da Ya so.

Abin da malamai magabata suka ce

Wani ɗalibi zai iya cewa ya karanta a littattafan mazhabarmu cewa ba a tsaga cikin mace domin a ciro ɗa. Lalle ya karanta, amma ya kamata ya san a kan wace mace ake magana, da kuma dalilin hanin. Mas'alar da magabata suka tattauna ita ce ta macen da ta rasu alhali ɗa yana motsi a cikinta. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ba za a tsaga ba. Sahnun, babban malamin Ƙairawan wanda Mudawwana ta zo mana ta hannunsa, ya tafi a kan cewa a tsaga idan ana sa ran ɗan zai rayu. Shehu Halil ya kawo hanin a Muhtasar ɗinsa, ya kuma yi nuni ga ɗaya fassarar. Hanafawa da Shafi'awa sun ce a tsaga in ana ƙaunar rayuwar ɗan, Ibnu Hazmin kuwa ya ga wajibi ne. Waɗanda suka hana, masu sharhi sun bayyana dalilinsu: rayuwar ɗan abin shakka ce, ba za a keta alfarmar gawa ba saboda abin da ba a tabbatar ba. Wani abin lura kuma, a wannan wurin dai Shehu Halil ya halatta a tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa domin a fito da ita. Idan ana tsagawa saboda dukiya da aka tabbatar tana nan, ina ga ran ɗan Adam da yau likita ke jin bugun zuciyarsa da na'ura, yana ganin sa a hoton ciki?

Mace rayayya kuwa ba su tsawaita magana a kanta ba, domin a zamaninsu tsaga cikinta daidai yake da kashe ta: babu allurar kashe zafi, babu hanyar kashe ƙwayoyin cuta, babu ƙarin jini. Hukunci yana tafiya da dalilinsa, in dalilin ya gushe hukunci ya sauya. Shi ya sa malaman wannan zamani suka tafi a kan halaccin tiyatar haihuwa idan buƙata ta kama, da wajabcinta idan aka ji tsoron halakar uwa ko ɗa. Sun kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, da ayoyin Baƙara da Nisa'i da suka hana mutum jefa kansa ga halaka, da ƙa'idar nan ta kawar da cuta wadda asalinta ke cikin Muwaɗɗa. Haka kuma sun ce ba ya halatta a yi ta ba tare da dalili ba, kamar mai son zaɓen ranar haihuwa ko gudun zafin naƙuda kawai, ko likitan da ke kwaɗayin kuɗin aiki, domin jiki amana ne, ba a yanka shi don son rai. Sai dai wannan cutar wasu ƙasashe ce. Tamu cutar ita ce ƙin aikin a lokacin da ya wajaba.

Ya kamata magidanci ya fahimci abin da ke sa likita ya ce sai an yi aiki, domin jahiltar abu ita ke haifar da tsoronsa. Hanyar da ɗa ke bi zobe ne na ƙashi. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, kamar yadda yakan faru ga yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba ko wadda ta tashi cikin ƙarancin abinci, to ko kwana nawa za ta yi tana nishi ƙashi ba zai buɗe ba. Mahaifa za ta yi ta turo ɗa, kansa ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar ƙofa. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani ne ya kama ta ba. Idan kuwa mahaifar ta gaji, musamman ga wadda ta yi haihuwa da yawa, sai ta yage, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Akwai ɗan da ke kwanciya a gicciye har hannu ya riga fitowa. Wannan ba ya fitowa ta hanyar da aka saba, jan hannun kuwa ta'adi ne. Akwai inda mabiyiya ke zama a bakin mahaifa ta tare hanya, alamarta zubar jini ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Akwai inda igiyar cibiya ke riga ɗa fitowa bayan faya ta fashe, kansa ya matse ta numfashinsa ya yanke. Akwai kuma jijjiga, wadda hawan jinin masu ciki ke kawowa, mutane su ce iskoki ne, a yi ta hayaƙi alhali maganinta na asibiti ne da gaggauta raba uwa da ciki.

Aikin kansa, a mafi yawan lokuta, allura ake yi a gadon baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, mace tana farke tana ambaton Allah har ta ji kukan ɗanta. A tsaga ƙasan mara a gicciye, a buɗe mahaifa, cikin ƴan mintoci an fito da ɗa, sauran lokacin na ɗinki ne, duka-duka wajen awa guda. Bayan ƴan kwanaki a sallame ta.

Ba za mu ɓoye muku ba, aiki ne babba kuma yana da haɗarinsa. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 22, aka buga shi a shekarar 2019, ya samu cewa kusan mace 1 cikin 200 da aka yi wa tiyatar haihuwa ta rasu, abin da ya ninka na ƙasashe masu arziki wajen sau 50. Saboda haka tsoron da mutane ke yi ba daga banza ya fito ba. Amma a duba yadda matan namu ke isa asibiti: bayan kwana biyu ko uku, jini ya ƙare, zazzaɓi ya shiga, ɗa ya riga ya mutu. In ta rasu a hannun likita sai a koma gari a ce aiki ya kashe ta, gobe maƙwabciyarta ta ƙi zuwa da wuri saboda wannan labari, ita ma ta isa a makare. Haka abin ke ta juyawa. Wadda aka gane matsalarta tun wurin awon ciki, aka sa mata rana, ta zo da ƙafarta da ƙarfinta, ba ɗaya take da wadda aka sauko da ita daga amalanke ba ta san inda kanta yake ba.

Izinin miji da mas'alar likita namiji

A nan ne muke so magidanta su buɗe kunnuwansu. Shari'a ta ba miji shugabancin gida, amma shugabancin kiwo ne da tsaro, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne game da abin da aka ba shi kiwo. Ba ta ba shi mallakar ran matarsa ba. Mace baliga mai hankali ita ke da izinin abin da za a yi a jikinta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ƙasarmu ke cikinta, ta zauna a Sharja a shekarar 2009 a kan mas'alar izini a aikin gaggawa. Abin da ta yanke shi ne, idan tiyatar haihuwa ta zama dole domin ceton uwa ko ɗa ko su duka, sa'an nan miji ko mata ko su biyun suka ƙi, to ba a lura da ƙin nasu, haƙƙin ba da izini ya koma hannun hukuma ko wakilinta. Idan ƙin miji yana tsaye a wurin ba ya hana aiki, yaya rashin samun sa a waya zai hana? Kuma idan na miji bai hana ba, ina ga na ƙanen miji ko uwar miji?

Saboda haka duk wanda zai tafi bida, ko Kurmi ko Libiya ko Kano, ya bar matarsa da ciki, wajibi ne ya bar magana bayyananniya a gaban shaidu cewa in naƙuda ta zo a kai ta asibiti, in likita ya ce aiki a yi, ba sai an neme shi ba. Ya bar abin mota a hannun amintacce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Nijar ta fitar da doka a shekarar 2005 wadda ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocin gwamnati, amma dokar ba ta ɗauke kuɗin mota daga ƙauye ba, ba ta ɗauke abincin masu jinya ba, kuma akan wayi gari wani magani ya yanke a ce a sayo a waje. Mutumin da ya tanadi ragon suna tun ciki na wata biyar, bai tanadi kuɗin kai mai cikin asibiti ba, ya fifita sunna a kan wajibi.

Wani kuma kishi ne ke hana shi, ya ce namiji ba zai ga tsiraicin iyalinsa ba. Kishi abin yabo ne, ba mu raina shi ba. Majalisar da muka ambata ta yi bayanin wannan a zamanta na Burunai a shekarar 1993: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai wanda ba Musulmi ba, kuma kada ya duba sai gwargwadon buƙata, tare da halartar miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. A ɗakin fiɗa likita ba ya kaɗaita da mace, kuma ana rufe jikinta in ban da wurin aiki. Larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadonta. Sa'an nan muna tambayar mai wannan kishi: ƴarka tana makaranta? Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke fita tare da Manzon Allah suna jinyar masu rauni, Rufaida kuma tana da hema a masallacin Madina inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Al'ummar da ta cire ƴaƴanta mata daga karatu, sa'an nan ta yi fushi don ba ta sami likita mace ba, da wa take fushi? Samar da likitoci mata da ungozomomi masu ilmi farilla ce ta kifaya, kuma har yau ba mu sauke ta ba.

Akwai masu cewa, ai in ta mutu wurin haihuwa ta yi shahada. Haka ne, hadisin Jabiru ɗan Atik a Muwaɗɗa ya lissafa ta cikin shahidai, muna kuma roƙa wa duk wadda ta rasu haka wannan daraja. Amma a cikin hadisin nan akwai wanda gini ya faɗa wa da wanda ya nutse a ruwa. Shahadar wanda ya nutse ba ta wanke wanda ya tsaya a bakin gulbi da igiya a hannu ya ƙi jefa masa. Ku tuna kuma da sahabin nan da aka fasa wa kai a wata tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin taimama suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da labari ya kai ga Manzon Allah ya jingina kisan gare su, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wannan gargaɗi ne gare mu, mu masu rawani, kafin kowa. Idan aka zo wa malami da labarin doguwar naƙuda, ya yi addu'a, addu'a makamin mumini ce, amma ya ce a ɗauke ta yanzu, a ci gaba da addu'ar a hanya. Kada ya ce a dakata a ga aikin abin da ya bayar zuwa safe. Mace ta yini ko ta kwana tana naƙuda ba ta sauka ba, ko jini ya ɓalle, ko ta fara jijjiga, ba sauran jira. Haka nan masu yawo da allurar ƙara naƙuda suna yi wa mata a gida, da masu yankan gishiri, su sani cewa hadisi ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi aikin likita ba tare da an san shi da ilminsa ba. Allurar nan, in hanya a toshe take, mahaifa take fasawa.

Bayan an sauka

Muna jin yadda ake yi wa wadda aka yi wa aiki gori, a ce raguwa ce, ba ta iya haihuwa ba, wuƙa ta haifar mata. Sau da yawa daga bakin kishiya ko dangin miji maganar ke fitowa, a wurin suna ko a bakin rijiya. Wannan gori yana kisa, domin saboda shi wata ke ɓoye takardar asibiti a ciki na gaba ta ce sai ta haihu a ɗaki ta wanke kanta. Suratul Hujurati ta hana mata yi wa mata izgili. Faɗin ƙugu da kwanciyar ɗa ba aikin mace ba ne, halittar Allah ce, mai aibanta su ya san Wanda yake aibantawa. Wahalar ɗaukar ciki da ta haihuwa da Alƙur'ani ya ambata a Luƙman da Ahƙaf domin ya girmama haƙƙin uwa, wadda aka tsaga cikinta ta sha ta, ta kuma ƙara da jinyar ɗinki.

Ta fuskar hukunci babu wani bambanci. Ɗan ɗa ne, yana da nasabarsa da gadonsa da sunansa. Idan tana cikin idda, iddarta ta ƙare da fitar ɗan. Jinin da ya zo mata ta gaba jinin biƙi ne, ta bar salla da azumi har ya ɗauke. A mazhabar Malik iyakarsa kwana sittin, in kuwa ya ɗauke kafin haka, ko da da wuri ne, ta yi wanka ta yi salla kamar yadda Risala ta bayyana. Jiran arba'in alhali jini ya ɗauke al'ada ce, ba hukunci ba. In ruwa zai cutar da ɗinki ta yi shafa a kan abin da aka ɗaure wurin da shi ta wanke sauran jiki, in hakan ma ya gagara ta yi taimama. In tsayuwa ta yi mata wuya ta yi salla a zaune. Iyayenmu mata masu wankan jego su yi haƙuri su bar tafasasshen ruwa da gashi a kan ciki mai ɗinki, su rage kanwa a kunu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano alaƙar yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kada a sa ta daka ko ɗaukar ruwa sai ciwon ya warke sarai.

Maigida kuma ya sani mahaifar da aka ɗinka tana son hutu, likitoci suna ba da shawarar wajen shekara biyu kafin wani ciki, daidai da muddar shayarwa da ta zo a Suratul Baƙara. Tazara ta ɗan lokaci da yardar ma'aurata biyu saboda lafiya malamai sun halatta ta. Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ba za ta sake haihuwa da kanta ba, da yawa suna haihuwa lafiya. Sharaɗi guda ne, kuma ba a sassauta shi: duk haihuwar da za ta biyo baya a asibitin da ke da ɗakin fiɗa za a yi ta, domin tsohon tabo yana iya buɗewa ba tare da sallama ba. Waɗanda kuma jinkiri ya riga ya jawo wa yoyon fitsari, kada a sake su, kada a ware musu ƙwarya. Ana gyara wannan lalura a Yamai, ana gyara ta a Danja kusa da Maraɗi, kuma mijin da ta samu ciwon wurin haifa masa ɗa shi ya fi kowa cancantar ya kai ta.

Ma'aikatan asibiti, ku ma muna muku wasiyya da tsoron Allah. Wata ba tsoron wuƙa ke hana ta zuwa ba, tsoron tsawa da wulaƙanci ne. Baƙauyen da ya zo muku a ruɗe, ku yi masa bayani da harshen da yake ji, ku faɗa masa dalilin aikin, ku faɗa wa matar abin da aka yi mata kafin ta tafi gida. Ku suturta al'aurar Musulmi. Abin da hukuma ta ce kyauta ne kada ku karɓi ko dala a kansa, domin haramun ne, kuma labarinsa yana hana wata zuwa.

Mu kuma jama'ar masallaci akwai abin da ke hannunmu tun daga wannan Juma'a. Kowane masallaci ya san masu mota a unguwarsa ko ƙauyensa, a yi magana da su, a rubuta lambobinsu a ajiye wurin liman da ladan, a ware wani abu daga asusun masallaci na man mota, wanda za a ba duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare ba tare da an tambaye shi jingina ba. Matasa masu lafiya su je a gwada jininsu su san rukuninsa, domin sau da yawa likita yana nan, ɗakin aiki yana nan, jini ne babu, kuma ba da jini don ceton rai halal ne, sadaka ce, jiki yana mayar da abin da aka ɗiba. Limamai su riƙa tambayar masu shirin tafiya bida ko sun bar izini, kamar yadda suke tambayar su ko sun bar hatsi.

Allah Ya jiƙan yarinyar nan da sauran matanmu da suka rasu a kan gwiwa, Ya karɓi shahadarsu, Ya yafe mana sakacinmu. Masu ciki Allah Ya raba lafiya, masu jinya Ya ba su sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.